Libarbar Kaka: Ta Je Bama Kuwa, Kuma Nawa Take?

Maƙalar wannan mako ta ɗan kauce daga ƙa'idojin rubutu da muka saba tattaunawa. A kan wata tsohuwar bindiga ce. Mun daɗe da zancen a ciki, amma muka danne shi har sai da bindigar ta bar gidan da aka same ta, ta shiga hannun hukuma. Dalilin jinkirin zai fito a gaba.

Wani ɗan ƙungiyarmu ne mutumin Dagumawa, a ƙasar Wudil, ya kira mu bayan rasuwar wan mahaifinsa. Ana ware kayan mamacin don rabon gado, sai aka jawo wani akwatin ƙarfe da kowa a gidan ya san na kakansu ne, tsohon soja, wanda ya daɗe da rasuwa. A ciki akwai bargon da asu ya cinye, da wasu takardu da suka yi ja don tsufa, da wata lamba mai siffar tauraro, sai kuma wani abu mai nauyi a naɗe cikin tsumma. Libarba ce, irin mai ɗan turmin nan mai ramuka shida da ke juyawa. Labarin da gidan ya tashi da shi kuwa shi ne, kaka ya yi yaƙin Bama, ya goyo wani hafsa Bature daga bakin wuta, Baturen ya zare bindigarsa ya ba shi tukwici.

Kafin mu isa abu biyu sun riga sun faru. Wani dillali da ke kai-kawo a kasuwar Wudil ta ranar Juma'a ya ji ƙishin-ƙishin, ya aiko cewa Turawa na sayen irin wannan da miliyoyi, a ba shi ya nemo mai saye a raba. Sannan wani matashi a gidan, da kyakkyawar niyya, ya ga tsatsa ta kama ta, ya samu samfefa ya dirje ta har ta yi fari tana ƙyalli, wai don ta shiga idon mai saye. Abu ɗaya na hankali da aka yi shi ne dattijon gidan ya kira wani ɗan sanda mai ritaya a unguwar ya tabbatar babu harsashi a ciki, kafin ta fara yawo hannu zuwa hannu.

Tambaya biyu suka yi mana: ta asali ce, kuma nawa take? Difloma ce da mu ta poli, ba ta aikin soja ba, amma ko ba komai an koya mana cewa ƙarfen da ya fito daga masana'anta yana zuwa da rubutunsa a jiki, kuma shi ake fara karantawa kafin a saurari kowa.

Ƙananan bindigogin da sojan Ingila ya riƙe a yaƙe-yaƙen duniya biyu ba su da wuyar ganewa. Akwai Webley babba, samfuri na shida, wadda aka fara rabawa a 1915. Akwai Enfield mai lamba biyu, wadda ta gaje ta a 1932, harsashinta ya fi ƙanƙanta. Dukkansu ta sama ake ɓalle su, su buɗe kamar an karya, kuma suna da zobe a gindin mariƙi inda ake ɗaura igiyar ratayawa. Duk abin da yake mallakar gwamnatin Ingila a lokacin, daga bindiga har akwati, ana buga masa wata alama ta layuka uku da suka haɗu a kai ɗaya, kamar sawun kaza a yashi. Idan gwamnati ta sallama kayan ta sayar, sai a buga sawun guda biyu suna fuskantar juna. Sai lambar bindiga, wadda ake bugawa a jiki, da bututu, da turmi. In ukun sun zo ɗaya, tare suka fito daga masana'anta. In sun saɓa, an yi haɗe-haɗe, kamar motar da aka sa wa injin wata. Mai tara kayan tarihi wannan yake fara dubawa, don bindigar da aka harhaɗa ba ta kai rabin wadda take a yadda aka haife ta a wurinsa.

Ta gidan Dagumawa Enfield ce. Sunan ya fito a gefen dama, da kambun sarauta. Sawun kaza ɗaya ne, babu na biyu, ke nan gwamnati ba ta taɓa sallama ta ba. Lambobin ukun sun dace. Zuwa nan dattijon gidan yana ta gyaɗa kai yana murmushi. Sai muka zo kan shekara. Akwai 1, akwai 9, akwai 3 a ƙarshe. Lamba ta uku kuwa, inda tsatsa ta fi ci kuma samfefa ta fi zama, ta tafi. An yi irin wannan bindiga tun farkon shekarun 1930 har cikin shekarun 1950. Don haka ko dai 1933 ce, ko 1943, ko 1953. Biyun farko za su iya zuwa Bama. Ta ukun an ƙera ta ne shekara takwas bayan an gama yaƙin. Lamba ɗaya tak da za ta raba gardama, ita aka goge don bindiga ta yi kyau. Garin neman gira an rasa ido. Masani zai iya kusantar shekarar ta harafin da ke gaban lambar bindigar, amma shaidar da kowa zai gani da idonsa ta tafi, kuma baƙin fenti na asali da ke jikinta, wanda shi ma shaida ne, ya bi ta.

Mu ɗan tsaya a kan wannan, don a nan muke yawan kuskure. A wurinmu gyara shi ne ƙyalli. A wurin mai nazarin kayan tarihi, kowane kwarzane da dushewar launi bayani ne. Akwai Webley da aka yi cikin gaggawa lokacin yaƙi na biyu, kamfanin ya buga musu WAR FINISH a jiki, wato yana ba da uzuri cewa aikin lokacin yaƙi ne, ba a tsaya gogewa ba. Wanda ya samu irin wannan ya goge ta sumul ya kashe abin da ya sa take ita. Su kuma masu kwaikwayo, ta rubutu asirinsu kan tonu. Maƙeran Darra Adam Khel, kusa da Peshawar a Pakistan, sun shahara da kwaikwayon bindigogin Ingila da hannu, har da alamomin. Amma za ka ga an juya harafin N baya a cikin ENFIELD, ko an buga tambarin Sarauniya Biktoriya tare da shekarar da ta zo bayan 1901, alhali a shekarar ta rasu. Maƙerin ya iya ƙarfe, bai san abin da rubutun ke faɗa ba. Mu ma idan muka kwafi salon wani ba tare da mun gane shi ba, a irin waɗannan ƙananan wurare ake kama mu.

Sai batun kuɗi, wanda za mu taƙaita don ba shi da tsawo. An ƙera irin wannan Enfield sama da dubu ɗari biyu, ba abu ba ne mai wuyar samu a ƙasashen da ake cinikinsa. Miliyoyin da dillali ya jiyo, na wasu bindigogi ne daban. A watan Yulin 2024 an yi gwanjon ƙananan bindigogi biyu na Napoleon a Faransa kan Yuro miliyan 1.69, kuma gwamnatin ƙasar ta hana a fita da su waje. Ba ƙarfen aka saya ba. An san wanda ya ƙera su, an san wanda Napoleon ya bai wa, an san a hannun zuriyar wa suka zauna. Kamar Marsandin Janar Murtala Muhammed ce da ke gidan tarihi na Onikan a Legas. Irinta nawa suka ruɓe a garejin kanikawa? Wannan kuwa ita ce wadda aka buɗe wa wuta ranar 13 ga Fabrairun 1976, ramukan harsashin na nan, kuma ba mai musu.

A ƙasarmu ma babu wata halattacciyar kasuwa da za ka kai libarba ka ce a taya. Dokar makamai ta 1959 ta sa libarba da sauran ƙananan bindigogi cikin jerin waɗanda aka haramta riƙewa sai da lasisin Shugaban Ƙasa. Dokar fashi da makamai ta 1984 kuma ta tanadi tarar Naira dubu ashirin ko ɗaurin da bai gaza shekara goma ba, ko duka biyun, ga wanda aka kama da bindiga ba bisa ƙa'ida ba. Tsufanta ba ya wanke mai ita. To wane ne mai sayen da dillali zai samo a ɓoye? Ba Bature mai ɗakin ajiye kayan tarihi ba ne. A halin da Arewa ke ciki, kowa ya san hannun da bindigar ɓoye ke ƙarewa. Wannan ne ya sa muka ce wa ɗan uwanmu kada hotonta ya hau Facebook ko WhatsApp, kuma shi ya sa maƙalar nan ta jira. Dattijon ya bi ta hannun mai unguwa da dagaci, aka miƙa ta ga 'yan sanda, aka kuma rubuta takardar roƙon a duba yiwuwar ajiye ta a gidan tarihi irin Gidan Makama. Malamin da ya zo rabon gado ma bai sa ta a lissafi ba.

Abin da ya rage shi ne labarin Bature, kuma a nan ne ran mutanen gidan ya ɗan sosu da mu.

Cewa mutanenmu sun yi yaƙin Bama, wannan ba abin tantama ba ne. An kafa Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma a 1943, ta yi yaƙi a kwarin Kaladan. Ta 82 ta bi bayanta, kuma a Janairun 1945 aka kama Myohaung. Wasu bataliyoyin Najeriya sun shiga cikin dakarun Chindit a 1944. Kafin nan ma sojojinmu sun kara da Italiya a gabashin Afirka, suna cikin waɗanda suka shiga Mogadishu a 1941. Sunayen na nan a barikokinmu muna wucewa ba ma tambaya: Chindit a Zariya, Dalet a Kaduna, Letmauk a Ibadan, Myohaung a Legas, Mogadishu a Abuja. Amma farabiti ko kofur doguwar bindiga ake ba shi. Da yawa ma aikinsu ɗaukar kaya ne a ka, cikin daji da tsaunin da mota ba ta shiga. Libarba ta hafsoshi ce da wasu masu ayyuka na musamman, hafsoshin kuma kusan duk Turawa ne. Bindigar mai sawun kaza ba ta hafsa ba ce da zai yi kyauta da ita, ta gwamnati ce, an rubuta lambarta da sunansa. Ba mu ce ba zai yiwu ba. A yaƙi kaya na ɓacewa, mutane na ɓoye abu a ƙasan jaka. Amma da a ce ganima ce daga Japanawa, da Nambu za mu gani mai rubutun Japan, wadda suke buga wa kwanan wata da shekarun mulkin sarkinsu, inda 18.6 ke nufin Yunin 1943. Kuma akwai wasu ƙofofin da Enfield za ta iya shigowa gidan Bahaushe: 'yan sandan zamanin Turawa, da sojan bayan 'yancin kai, da yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 wanda ya warwatsa makamai ko'ina.

Muna da wata hanya ta auna magana wadda ba mu aro daga Bature ba. Duk wanda ya zauna a makarantar Islamiyya ya ji yadda malaman hadisi ke bin isnadi: wa ya faɗa maka, shi kuma daga wa ya ji, sun taɓa haɗuwa kuwa? Sai muka yi wa labarin haka. Matasan gidan daga iyayensu suka ji. Iyayen sun ce ai sananne ne. Da muka nemi wanda ya ji daga bakin kaka, aka tura mu ɗakin babbar 'yarsa, tsohuwa da ido ya fara rauni amma hankali garau.

Muka durƙusa muka gaishe ta. Ɗan uwanmu ya ce, “Gwaggo, wai da bakinsa kika ji Baba ya ce Bature ne ya ba shi bindigar nan?”

Ta yi shiru, sannan ta ce, “Kai ɗan nan, ni dai ban taɓa ji ba. Zancen Baturen nan sai bayan ya kwanta dama na fara jin sa a bakin mazan gidan.”

Muka ce, “To Gwaggo, me yake faɗa?”

Nan ta buɗe. Ruwan sama da ba ya ɗaukewa. Matsattsaku da ke shiga takalmi, sai an kunna taba an ɗosana musu suke saki. Jirgin sama da ke jeho musu abinci daga sama. Wani abokinsa Bakatsine da zazzaɓi ya kashe, suka binne shi ba likkafani, wanda kaka bai daina yi wa addu'a ba har ya rasu. Da yadda ya dawo ba ya son jin tsawa, in hadari ya haɗo sai ya shige ɗaki ya rufe. Bindigar kuwa, ta ce ta fara ganinta ne bayan an yi mata aure, wajen lokacin yaƙin Ojukwu, wanda wani ƙanen kaka ya je. Amma ta ƙara da cewa da ma ba a buɗe wa mata akwatin nan, don haka kada mu riƙe ta a kan wannan.

Takardun da ba wanda ya tambayi kuɗinsu, har an ware su cikin abin da za a zubar, ɗaya daga ciki takardar sallamar kaka ce daga soja, da sunansa da lambarsa. Lambar mai kusurwa shida kuma Tauraron Bama ce, da sauran ƙyallenta mai ja a tsakiya, wadda ake bai wa waɗanda suka yi aiki a fagen nan tsakanin 1941 da 1945. Su biyun sun tabbatar da abin da bindigar ba ta iya tabbatarwa ba.

Mun san abin da wasu za su ce a sharhi. Za a ce mu marubutan ƙagaggen labari ne, ba alƙalai ba, kuma labarin goyon Bature ya fi daɗi, me ya kai mu rushe wa mutane abin alfaharinsu? Mun yi ta juya wannan a hanyar dawowa, tun daga gadar Wudil har muka shigo Kano. Ra'ayinmu shi ne, ƙagawa halak ce a cikin littafi, inda mai karatu ya san da ƙage aka zo masa. Amma marubucin da bai iya bambance abin da ya faru da abin da aka ƙara ba, ƙagen nasa ma ba ya nauyi. Labarin Bature kowa zai iya zama a ɗaki ya tsara shi, mun gan shi a fim sau ba adadi. Tsohon sojan da ke ɓuya daga tsawa a ƙauyen Wudil, yana addu'a ga wanda aka binne ba likkafani a wata ƙasa, wannan sai an je an durƙusa an tambaya. Abin da samfefa ta yi wa bindigar shi bakin mazan gidan ya yi wa labarin, ana goge shi don ya yi ƙyalli har abin da ke bambanta shi da na kowa ya tafi.

Kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya, bindiga ta cika littattafanmu na intanet, amma ba mu san ta ba. Jarumi kyaftin ne yana da shekara ashirin da huɗu, ya zaro “wata tsadaddiyar bindiga ƙirar waje” daga aljihu, ya harba sau ashirin bai sake ɗuri ba. Mai turmi shida, shida take ci. Wannan ƙaramin abu ne, amma mai karatun da ya sani daga nan yake daina yarda da mu, har a wuraren da muka faɗi daidai. Sa'adu Zungur ya yi wa waɗannan sojoji waƙar Maraba da Soja da suka dawo. Biyi Bandele, haifaffen Kafanchan, wanda mahaifinsa ya yi yaƙin, ya fitar da littafinsa Burma Boy a 2007, jaruminsa yaro ne mai suna Ali Banana, kuma da Turanci ya rubuta. Sojojin nan da yawansu Hausa suke yi a bariki da bakin daga. Jikokinsu ne mu, muna rubutu da harshen da suka yi kuka da shi, amma mun fi sanin sunayen unguwannin Dubai da muke kai jarumanmu yawon amarci.

Su mazan jiyan kusan duk sun tafi. 'Ya'yansu da suka ji daga bakinsu su ne yanzu ke kan gargara. Wanda ke da irin wannan akwati a gida, in ya ga makami kada ya taɓa, kada ya goge, kada ya ɗauki hoto ya watsa, ya nemi manya a bi hanyar hukuma, a kuma rubuta duk alamar da ke jiki kafin a miƙa. Takardu kuwa a raba su da danshi, a ɗauki hotonsu gaba da baya. Sannan a nemi tsohuwar gidan, a kunna rikoda a waya, a bar ta ta yi magana ba tare da an gyara mata ba, ko da abin da za ta faɗa ya saɓa da wanda aka saba ji.

Mun naɗi minti arba'in da bakwai na muryar Gwaggo. Dattijon gidan har yanzu yana kan bakansa cewa Bature ne ya ba da bindigar, ba mu kuma sake ja da shi ba. Matashin da ya yi gugar shi ne yanzu yake riƙe da takardar sallamar a cikin leda. Ita kuma Gwaggo ta ce mu koma ranar Asabar bayan an ci kasuwa, wai akwai wata waƙa da kaka ke yi in yana sassabe, da wani yare da ba Hausa ba, tana so ta gwada ko za ta tuno ta.